Monadnok, dogon bene na birnin Shikago

1. Bango da dirka

Duk magini ya san bango yana ɗauke da kaya. Yana ɗauke da azara, da ƙasar rufi, da nauyin kansa. In za a yi soro bisa soro, sai magini ya faɗaɗa gindin bangon ƙasa, domin shi ne ke ɗauke da na sama. Wanda ya ga hasumiyar babban masallacin Agadas ya ga wannan dabara. Tsawonta metir 27 ne, da ƙasa aka gina ta. Gindinta yana da faɗi, tana tafiya sama tana tsukewa.

Rumfa kuwa dabararta dabam ce. Dirkoki ne ke ɗauke da rufinta. Zanar da aka kewaye ta da ita ba ta ɗauke da komi, iska da rana kawai take karewa. Ana iya kwance zana a naɗe ta, rumfa tana nan tsaye.

Hanyoyin gini ke nan guda biyu: ko bango ya ɗauki kaya, ko ginshiƙai su ɗauka. A birnin Shikago na ƙasar Amurka akwai wani dogon bene da ake kira Monadnok. An fara shi da hanya ta farko, aka ƙare shi da hanya ta biyu. Labarinsa yana nuna yadda aka soma gina dogayen benaye, waɗanda Turawa suka yi wa suna mai ma'anar "masu karce sama".

2. Garin da wuta ta cinye

Shikago yana bakin wani babban tafki mai suna Mishigan. A shekara ta 1840 mutanensa ba su kai 5.000 ba. Da jiragen ruwa da jiragen ƙasa suka soma kawo hatsi, da katako, da shanu, da aladu, sai gari ya cika. A 1870 mutanensa sun kusa 300.000.

Yawancin gidajen garin na katako ne. A daren 8 ga watan Oktoba na 1871, bayan dogon fari, gobara ta tashi. Iska ta yi ta kora ta har ranar 10 ga wata. Mutane wajen 300 suka mutu, gine-gine fiye da 17.000 suka ƙone, mutane wajen 100.000 suka rasa wurin kwana. Tsakiyar gari, inda kasuwanci yake, ta zama toka.

Mutanen Shikago ba su watse ba. Suka sake gini, wannan karo da dutse da gasasshen tubali da ƙarfe. Baƙi suka ci gaba da kwararowa. A 1890 garin ya wuce mutum miliyon ɗaya.

Amma tsakiyar garin ƙarama ce, kuma a tsare take. Tafki yana gabas, kogi yana arewa da yamma, tashoshin jirgin ƙasa suna kudu. Kowane banki, kowane lauya, kowane attajiri yana son ɗakin aikinsa a wannan ɗan wuri. Fili ya yi tsada ƙwarai. Wanda ya sayi fili da tsada, in ya gina bene hawa huɗu ko biyar, kuɗin haya ba za su mayar masa da dukiyarsa ba. Tun da babu halin faɗaɗawa gabas ko yamma, sai aka dubi sama.

3. Abubuwan da suka ba da damar hawa sama

Abu na farko shi ne asansar, wato ɗan ɗakin da igiyar ƙarfe ke ja, yana kai mutane sama yana sauko da su. Da can mutane suna tsoronsa: in igiya ta tsinke fa? A 1854, a birnin Niyok, wani mutum mai suna Elisha Otis ya hau irin wannan na'ura gaban jama'a, ya sa aka yanke igiyar. Na'urar ba ta faɗo ba, domin ya yi mata birki mai kama kansa. A 1857 aka sa asansar na farko mai ɗaukar mutane cikin wani kanti na Niyok. Kafin wannan, ɗakunan sama su ne masu araha, saboda wahalar hawa. Bayan haka sai suka zama abin so, don sun fi haske da iska, kuma sun nisanci ƙarar titi.

Abu na biyu shi ne ƙarfe. A 1856 wani Bature na Ingila, Henry Bessemer, ya samo hanyar tace ƙarfe mai yawa cikin ɗan lokaci. Sannu a hankali ƙarfe mai ƙwari ya yi araha, har aka iya yin ginshiƙai da shi.

A 1885 wani mai tsara gini, William Le Baron Jenney, ya gama wani bene hawa 10 a Shikago, na kamfanin Home Insurance. Tsawonsa metir 42. Ginshiƙan ƙarfe ne suka ɗauki yawancin nauyinsa. Mutane da yawa suna ƙidaya shi na farko cikin dogayen benaye. An rushe shi a 1931.

Duk da haka, ba kowane mai kuɗi ya yarda da sabuwar hanya nan da nan ba. Tubali an san shi tun kaka da kakanni, kuma wuta ba ta cin shi. Ƙarfe kuwa, mutanen Shikago sun gani da idonsu a 1871 yadda zafin wuta ke lanƙwasa shi.

4. Masu gida da masu tsara gini

Waɗansu attajirai biyu na birnin Boston, wa da ƙane, Peter Brooks da Shepherd Brooks, suna da wani dogon fili siriri a kudancin tsakiyar Shikago, bakin titin Jackson. Wakilinsu a garin shi ne Owen Aldis, shi ke kula da gidajensu da kuɗin hayarsu. Suka ba Daniel Burnham da John Root aikin tsara ginin. Waɗannan abokan aiki ne. Burnham ya iya hulɗa da mutane da tafiyar da aiki, Root kuwa gwanin zane ne da lissafin gini. Su ne suka riga suka gina wa Brooks wani bene hawa 10 mai suna Montauk wajen 1882.

Peter Brooks mutum ne mai tattali. Ba ya son ado a jikin gini. A ganinsa ado kuɗi ne a banza, wurin taruwar ƙura da hayaƙi, kuma wurin sheƙar tantabaru. Root da farko ya zana gini mai ado irin na tsofaffin gine-ginen Masar. Aikin ya daɗe bisa takarda. A 1889 aka tsai da shawara: bene hawa 16, na gasasshen tubali, ba ado.

Sunan ginin an ɗauko shi daga wani dutse mai suna Monadnok, can arewa maso gabashin Amurka, yankin da masu gidan suka fito.

5. Kaurin bango

Maginan wancan zamani suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan. Ɗaki mai hawa ɗaya yana bukatar bango mai kauri santimetir 30. Duk hawa ɗaya da aka ƙara, sai a ƙara wa gindin bango santimetir 10. Bene mai hawa 16 ke nan yana da ƙari 15. Santimetir 150 a haɗa da 30, an sami 180.

Haka kuwa abin ya kasance. Bangon Monadnok a ƙasa yana da kauri metir 1 da santimetir 80. Dogon mutum zai iya kwanciya cikin kaurinsa ya miƙe ƙafa. Can sama kaurin ya ragu, ya koma kimanin santimetir 45. Tsawon ginin ya kai metir 60 har da ɗoriya, wato ya ninka hasumiyar Agadas sau biyu da ƙari. Ana ƙidaya shi cikin mafiya tsawo na gine-ginen duniya da bangon tubali ke ɗauke da su.

Cikin ginin akwai ginshiƙan ƙarfe da ke taimakon bango wajen ɗaukar daɓen kowane hawa. Root ya kuma ɗaure waɗansunsu da juna da ƙarafa masu ƙarfi, domin Shikago gari ne mai iska, kuma dogon gini siriri iska tana tura shi kamar yadda take tura dogon icce.

Amma kaurin bango yana da hasara uku. Ta farko, yana cinye fili. Faɗin ginin kimanin metir 20 ne. Bango biyu sun ɗauke metir 3 da santimetir 60 a hawan ƙasa, inda kantuna suke, inda haya ta fi tsada. Ta biyu, yana rage haske. Taga cikin irin wannan bango kamar bakin rijiya take, rana ba ta shiga sosai. Ta uku, yana da nauyi mai yawa, ƙasar Shikago kuwa ba ta son nauyi.

6. Gini bisa laka

An kafa Shikago cikin fadama. Ƙarƙashin titunansa laka ce mai taushi. Dutse yana can ƙasa, wajen zurfin metir 30. A lokacin ba a saba tonawa har can ba.

Root ya bi dabarar da ya gwada tun ginin Montauk. Ya shimfiɗa ƙarafa jere bisa jere, waɗansu a tsaye waɗansu a gicciye, aka zuba musu kankare, wato siminti da rairayi da tsakuwa. Wannan shimfiɗa ta fi ginin faɗi, ta shiga ƙarƙashin tituna da fiye da metir 3. Dalilin haka a fili yake ga wanda ya san raƙumi. Raƙumi ya fi jaki nauyi, amma jaki ne ke nutsewa cikin rairayi, domin tafin raƙumi yana da faɗi, yana rarraba nauyi.

Masu aikin sun san duk da haka ginin zai zauna. Suka yi lissafin zai nutse santimetir 20. Ya wuce lissafinsu. A 1948 an auna an tarar ya nutse kimanin santimetir 50. Bai tsage ba, bai faɗi ba, amma ƙasa ta nuna ta ji nauyin tubali.

7. Kamannin ginin

Launin Monadnok baƙi-baƙi ne mai ratsin ja. Ba shi da zane, ba shi da sassaƙa. Kyansa yana cikin tsayuwarsa. Daga hawan ƙasa bango yana lanƙwasowa ciki a hankali, sa'an nan ya miƙe sak. Can ƙoli ya sake buɗewa waje kaɗan, kamar bakin tulu. Kusurwoyinsa suna da kaifi a ƙasa, suna tafiya sama suna daddaɗewa. Duk wannan da tubali aka yi shi, ɗaya bayan ɗaya, aikin hannun magina.

A jikin bango akwai jerin tagogi masu turowa waje, daga hawa na uku har kusan ƙoli. Aldis ne ya goyi bayan a yi su, domin suna ƙara wa ɗaki fili da haske, kuɗin haya kuma su ƙaru.

Haske babban al'amari ne a lokacin. Fitilar lantarki sabuwa ce, ba ta da ƙarfi. Magatakarda da hasken rana suke rubutu. Siririn filin nan ya yi amfani a nan: hanya ɗaya ta ratsa tsakiyar kowane hawa, ɗakunan aiki suna dama da hagu, kowane ɗaki da tagarsa. An sa gilashi tsakanin ɗakuna da hanyar, don hasken waje ya kai har tsakiya. An kuma yi amfani da alminiyom wajen matakala, irin ƙarfen da maƙera ke narkawa su yi tukwane. A wancan zamani sabon abu ne cikin aikin gini.

John Root bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ciwon huhu ya kashe shi ranar 15 ga Janairu 1891, yana da shekara 41. Cikin wannan shekara aka gama ginin.

8. Rabi na biyu

Ɗakuna suka sami masu haya. Shepherd Brooks ya ga riba, ya so a tsawaita ginin kudu, har titin Van Buren. Root ya rasu, Burnham kuma yana fama da shirin babban baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893. Sai aka ba William Holabird da Martin Roche aikin. Su biyun sun koyi aiki wurin Jenney, sun san amfanin ƙarfe.

Sabon rabin kashi biyu ne. Kashin da ke manne da tsohon gini an yi shi kusan yadda aka yi na farko. Kashi na ƙarshe, na can kudu, ƙarfe ne ke ɗauke da shi gaba ɗaya. An kafa ginshiƙai, an gicciya musu ƙarafa, an ɗaure su hawa bisa hawa, kamar ƙasusuwan jiki. An lulluɓe ƙarafan da gasasshen yumɓu don kada wuta ta taɓa su. Bangon waje ya zama siriri, aikinsa kare sanyi da ruwan sama, kamar zana jikin rumfa. Tagogi suka faɗaɗa, kantunan ƙasa suka sami fili, nauyi ya ragu.

An gama a 1893. Ginin duka ya kai tsawon metir 120 da wani abu daga arewa zuwa kudu. A lokacin an ce babu gidan ofisoshi da ya kai shi girma a duniya. Mai tafiya titin Dearborn yana ganin rabin arewa da tagoginsa masu zurfi, ya yi ƴan taki ya ga rabin kudu da manyan tagoginsa da ɗan adonsa. Shekara biyu ce kawai tsakaninsu.

Daga nan masu kuɗi suka gane lissafi. Bayan Monadnok, ginshiƙan ƙarfe, daga baya kuma kankare mai ƙarfe ciki, su suka karɓi aikin dogayen benaye. A 1974 an gama wani bene a Shikago mai tsawon metir 442, wanda aka sani da Sears, aka sake masa suna Willis a 2009. A 2010 an buɗe Burj Khalifa a Dubai, metir 828. Da bangon tubali ne zai ɗauki irin waɗannan, da kaurinsa ya cinye ɗakunan ƙasa.

9. Monadnok bai rushe ba

Da yawa daga cikin benayen farko na Shikago an rushe su don a gina waɗanda suka fi su tsawo. Montauk ya tafi a 1902, Home Insurance a 1931. Monadnok ya tsira. A 1938 an gyara cikinsa don ya yi kama da na zamani, aka rufe waɗansu ayyukan farko. A 1973 hukumar birnin ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ke karewa. A 1979 wani mutum mai suna William Donnell ya saye shi. Aka share shekaru fiye da goma ana duba tsofaffin zane-zane da hotuna, ana mayar da ƙofofi da gilasai da fitilu yadda suke da.

Har yau ginin yana tsaye, yana aikin da aka gina shi dominsa. Akwai kantuna a ƙasa, akwai lauyoyi da ƙananan kamfanoni a sama. Ɗaliban aikin gini suna zuwa daga ƙasashe da yawa, su tsaya bakin wata taga ta hawan ƙasa, su auna kaurin bangon da hannunsu.

Abin riƙewa

Bango mai ɗaukar kaya yana ƙara kauri duk lokacin da gini ya ƙara tsawo. A Monadnok kaurin ya kai metir 1 da santimetir 80: ya cinye fili, ya rage haske, ya danne ƙasa. Ginshiƙan ƙarfe sun ɗauke wa bango kaya. Tsadar fili, da asansar, da arahar ƙarfe su ne suka haifi dogayen benaye.

Ma'anar kalmomi

Dirka: icce mai baki biyu da ake kafawa ya ɗauki rufin rumfa.
Ginshiƙi: abin da aka tsayar, na ƙasa ko na dutse ko na ƙarfe, don ya ɗauki nauyin gini.
Hawa: jerin ɗakunan bene da ke bisa daɓe ɗaya.
Mai tsara gini: wanda ke zana gini bisa takarda, ya yi lissafinsa kafin magina su fara aiki.
Baje koli: babban taro inda ƙasashe ke nuna kayan da suke ƙerawa.

Tambayoyi

1. Mine ne bambanci tsakanin bangon soro da zanar rumfa?
2. Mi ya faru a Shikago a watan Oktoba na 1871?
3. Mi ya sa fili ya yi tsada a tsakiyar garin?
4. Don mi Peter Brooks ba ya son ado a jikin gini?
5. Ku kawo hasara uku na bango mai kauri.
6. Yaya tafin raƙumi ya yi kama da tushen Monadnok?
7. Wace hanya aka bi wajen gina kashi na ƙarshe?

Lissafi

1. Bisa ƙa'idar maginan da, nawa ne kaurin gindin bangon bene mai hawa 5? Na mai hawa 30 fa?
2. Faɗin gini metir 20 ne. Kowane bango cikin biyu yana da kauri metir 1 da santimetir 80. Metir nawa suka rage wa ɗakuna?
3. Shekara nawa ce tsakanin gobarar Shikago da gama rabin kudu na Monadnok?

Aiki

Ku auna kaurin bangon ajinku da na wata katangar ƙasa, a gindi da kuma sama. Ku je wurin magini na garinku, ku tambaye shi yadda yake sanin kaurin da zai ba bangon soro mai hawa biyu. Ku rubuta amsarsa cikin littafinku.

Ku kasu gida biyu. Kashi na farko su gina ƴar hasumiya da laka zalla. Kashi na biyu su ɗaure karan hatsi su yi ƙashin hasumiya, su lulluɓe shi da takarda. Tsawon kowace ya zama santimetir 50. In sun bushe, ku ɗaga su ku ji nauyinsu, ku kuma duba wadda ta fi fili a ciki.